Kwalin da Ban Buɗe Ba

Da sunan Allah nake farawa, kuma ina roƙonsa ya hana ni ƙawata labarin nan, domin na daɗe ina ƙawata shi da baki. Sunana Sabi'u, bakaniken babur ne ni a Daura, asalinmu Sandamu. Karatuna bai wuce sakandare ba, sai ɗan abin da na samu a allo da Islamiyya. Duk wanda ya taɓa jin labarin tafiyata Indiya daga bakina a teburin mai shayi, ya zubar da wancan. Wannan ne na gaskiya.

A shekarun da aka ƙaddamar da Shari'a a jiharmu, babu wa'azin da ya fi yawo kamar na algus da tauye mudu. Mu kanikawa sai muka ga abin ya shafe mu, saboda jabu ya yi yawa a kayan da muke ɗaura wa mutane, musamman birki. Birkin babur ƙarfe ne lanƙwasasshe kamar jinjirin wata, an manna masa wata fata mai kaushi a baya da gam. In gam ɗin na kirki ne, fatar za ta yi ta cinyewa a hankali har ka canza. In na banza ne, wata rana zafi zai ɓanɓare ta gaba ɗaya, ta cushe cikin taya, tayar ta ƙame ana tsakiyar gudu. A ido ba ka iya bambance su.

Alhaji Nuhu, mai babban shagon kayan gyara a layinmu, ya zo da wata takarda daga Kano, ta wata makaranta a Delhi da ke koyar da gwajin ingancin kaya cikin wata shida. Ƙungiyarmu ta kanikawa ta haɗa hannu da shi, aka ce a tura mutum ɗaya ya koyo, ya dawo ya zama idon kowa. Aka zaɓe ni don ina ɗan jin Turanci. Ba wanda ya tambaya ko ina da amana. Ni ma ban tambayi kaina ba.

Zangon farko, Delhi

Wanda ya tare ni a filin jirgi wani gajere ne mai gashin baki, ya ce in riƙa kiransa Dokta. Tun a mota ya karɓi fasfona, wai zai kai a yi min rajista. Na miƙa masa har da godiya.

Makarantar da ke jikin takarda bene ce mai hawa biyar da furanni a gabanta. Wadda aka kai ni ɗakuna biyu ne a saman shagon wani tela. Mu huɗu ne ɗalibai, duk baƙi, kuma babu mai jin yaren wani. Akwai allo a bango, amma ban taɓa ganin alli ba. Dokta ya ba kowa littafi, kwafe ne da aka yi daga wani kwafen, haruffan duk sun kumbura, shafukan tsakiya kuma babu su. Kana cikin karanta yadda ake zaɓen kayan gwaji sai ka tsinci kanka a babin ƙarshe. Ya ƙara mana da faifan bidiyo uku. Na farko wani Bature ne a tsaye yana magana kamar ana korarsa. Na biyu ya ƙi yi. Na uku bikin auren wasu mutane ne.

Rana ta uku Dokta ya jawo durowa ya nuna min takardar shaidata. An riga an buga sunana, an rubuta na ci jarrabawa da daraja ta ɗaya.

Na ce, "Dokta, ai ban koyi komai ba tukuna."

Ya yi dariya har yana dafa tebur. Ya ce, "Abokina, takarda mutanenku ke zuwa nema. Kai ne na farko da ya tambayi karatu."

Ran Juma'a na je shagon waya na kira lambar Alhaji Nuhu. Ƙanena Lawal ne ya fizge wayar. Ɗan acaɓa ne, yana da mata, Hajara, da 'ya'ya biyu, amma bakinsa bai taɓa girma ba.

"Yaya Injiniya! Ka ga masu rawar nan ta fim a kan dutse?"

"Na gan su, har sun ce a gaishe ka."

"Wallahi ka zo min da ɗaya, in ga yadda Hajara za ta yi. Makarantar fa?"

Na dubi bangon shagon, na ce, "Sai wanda ya gani. Hawa biyar."

Da na faɗi gaskiya a ranar, da an yi baƙin ciki na mako ɗaya an nemi yadda zan dawo. Kunya ta hana ni. Duk abin da ya biyo baya daga wannan hawa biyar ɗin ya taso.

Zango na biyu, garin masana'antu

Bayan mako uku Dokta ya saka ni a jirgin ƙasa zuwa wani gari can arewa, ya ce lokacin koyo a aikace ya yi. Yini guda muna tafiya. Sai da na isa na gane sayar da ni ya yi. Masana'antar birkin babur ce, fasfona kuma ya riga ni isa, yana cikin durowar Manaja, wani saurayi mai zoben zinare, ɗan mai wurin. Aikina ɗaukar kwali daga injin zuwa sito.

Lokacin sanyi na je, irin sanyin da ke shiga haƙori. Kayana na Daura ne, shadda biyu da 'yar riga. Mu goma sha biyu muke kwana a ɗaki ɗaya, babu mai yi min magana sai da hannu. Abinci kullum wake ne mai ruwa da wata waina mai faɗi, nama kuwa har na manta ƙamshinsa. In na fita titi sai a tsaya ana kallona. Wata mata ta janye 'yarta da na wuce. Wani ya goga yatsa a damtsena ya duba, ko baƙin zai fita. Ban taɓa sanin mutum zai iya kuka saboda fura ba sai a garin nan. In na rufe ido sai in ga ƙwaryar innarmu da ludayi a kai, in ji ƙarar baburan tasha, in ji wani yana ce min "sannu da aiki". Wata biyu ban ji wannan kalma ba.

Salla a bayan sito nake yi, a kan kwalin da na baje. Wata rana na sallame azahar sai na ga wani tsoho a tsaye, farin gemu, yatsu biyu na hannun hagunsa babu. Ya yi min sallama irin tamu. Na amsa. Ya taɓa rigata ya girgiza kai. Washegari ya zo min da rigar sanyi mai faci a gwiwar hannu, ran Juma'a kuma ya ja ni masallaci, ya zaunar da ni kusa da shi a sahun gaba.

Shi ne mai gwajin kayan masana'antar. Usta Karimu suke ce masa, usta a wajensu gwanin sana'a ke nan. Turancinsa guntu-guntu ne kamar nawa, shi ya sa muka fahimci juna. Da na ba shi labarin Dokta da littafin da babu tsakiya, bai yi dariya ba. Ya je wajen Manaja ya ce yana bukatar mai ɗauko masa kaya, aka ba shi ni.

Ɗakin gwajin ƙarami ne. Akwai tanda ta lantarki, da bokitin ruwa, da wani injin matsi mai agogo a kai. Usta zai gasa birki a tanda har ya kai zafin doguwar tafiya, ya tsoma wani a ruwa, sannan ya sa a injin ya matsa fatar ta gefe, yana kallon agogo, ya ga nauyin da za ta ɗauka kafin ta rabu da ƙarfen. Wannan duk mai ido zai koya a mako ɗaya. Abin da ya fi tsananta min a kai shi ne inda ake ɗauko na gwajin.

Ranar farko ya ce in kawo biyar. Na buɗe kwalin da ke sama na kwaso. Ya karɓa ya mayar min.

"Wa ya ajiye kwalin nan a sama?"

"Ban sani ba, Usta."

"Wanda yake so ka ɗauka."

Ya sa na sauke tarin gaba ɗaya, ya zaɓi kwali a tsakiya, wani a ƙasa, wani a lungu, cikin kowane kuma ya tura hannu can ƙasa. Ina haki na tuna da babanmu. Dillalin hatsi ne a kasuwannin ƙasarmu, kuma bai taɓa yarda da geron bakin buhu ba. Yana da wani ƙarfe mai rami da tsini, sai ya soka shi a cikin buhu, ya soka a gindi, ya tara abin da ya zubo a tafin hannu, ya duba tsakuwa da ƙwari. Na kwatanta wa Usta da hannu. Ya yi dariya, karon farko da na ga haƙoransa.

Ya ce, "Babanka injiniya ne. Me ya kawo ka nan?"

Yana da littafi na gaske, na Turanci, bangonsa ya yage amma tsakiyarsa na nan. Ya ara min, nake karantawa lokacin cin abinci. A ciki ya nuna min wani zane kamar an yanka akushi biyu ana kallonsa ta gefe: hagu a sama, tsakiya a kwance, dama ya sake hawa. Ya ce kaya kamar mutane suke. Da yawa suna mutuwa tun suna jarirai don da ciwo aka haife su, waɗanda suka tsallake sai su daɗe, sannan tsufa ya zo. Ya dangwala yatsa a gefen hagu ya ce, "Aikinmu nan ne. Mu kama mai ciwo tun yana gida, kada ya mutu a hanya da mutum a kansa."

Amma dukiyarsa ta gaske wani kundi ne da ya rubuta da hannunsa tun yana saurayi. Kowane shafi lalacewa ɗaya ce: ya zana ta, ya manna guntun fatar da ta ɓanɓare, ya rubuta dalili. Rubutunsu da haruffan Larabci ne, ina iya haɗa baƙi amma ban san me nake faɗa ba, abin da ke ba shi dariya ke nan. Sai ya riƙa fassara min, ina rubuta Hausa a gefe da fensir. Wata huɗu muna haka. A duk tafiyata, waɗannan watanni ne kaɗai ba na jin kunyar tunawa.

Wani abu kuma. In kaya suka ci gwaji ya buga hatimi a kwali, sai ya ɗauki biro ya rubuta harafin kaf, farkon sunansa, a gefen hatimin. Na tambaye shi dalili.

Ya ce, "Hatimi na kamfani ne, kowa aka miƙa wa zai buga. Harafin nan nawa ne. In kayan nan suka kashe wani, a san wanda za a nema."

Zango na uku, kujerar Usta

Da zafi ya fara shigowa sai aka canza gam. Ba wanda ya gaya wa Usta, da hanci ya ji. Ya gasa guda biyar daga sabon kaya, ko injin bai kai su ba, ya sa babban yatsa ya ture fatar ta faɗo ƙasa. Ya gwada wasu biyar, haka. Ya ɗauki jan alli ya zagaya sito yana ja wa tarin layi.

Manaja ya sauko. Ban ji yarensu ba, amma na ga zoben zinare yana nuna ƙofa, na ga tsoho ya ajiye hatimi a kan tebur a hankali. Ya ɗaure tabarau da butarsa a tsumma. Na bi shi har bakin ƙofa. Nan ya zaro kundin daga cikin rigarsa ya danƙa min.

"Za su ba ka kujerata. Kai baƙo ne, ba ka da kowa, fasfonka na hannunsu. Shi ya sa."

"Wallahi ba zan karɓa ba, Usta."

"Kada ka rantse min, ɗana. In ka zauna, ka buɗe kwali kawai."

Ya hau kekensa ya tafi. Ban sake ganinsa ba, kuma ban san unguwarsu ba. Wata huɗu ina cin abincin da matarsa ke ɗauro masa, ban taɓa tambayar inda yake kwana ba.

Washegari Manaja ya kira ni ɗakin gwaji. An goge jan allin. A kan tebur akwai birki biyar a jere, da hatimi, da fasfona.

Ya ce, "Gwada waɗannan."

Tun daga launin gam na san tsofaffin kaya ne. Na ce, "Ranka ya daɗe, daga tsakiyar tari ake ɗauka."

"Tsohon nan ya cika maka kai. Kayan nan ba Turai za su ba, ƙasarku za su. 'Yan kasuwarku ne ke zuwa nan suna cewa a rage musu tsada, kwali dai ya yi kyau. Ni na ce su faɗi haka?" Ya ɗaga fasfon ya buɗe. "Izinin zamanka ya ƙare tun tuni. Ka gama min kayan nan in ba ka abinka ka tafi gida. Ko kuma in ɗaga waya. Ka kuma riƙa rubuta harafi a gefe kamar yadda yake yi, masu saye sun saba gani."

Kwana biyu ina cewa ba ni da lafiya. A rana ta uku na zauna a kujerar Usta, na gasa biyar ɗin da aka ajiye min, na matsa su a injin, suka ci gwaji, kamar yadda kowa ya san za su ci. Na ɗauki hatimi na shiga sito.

Kwalayen kore ne, da hoton damisa tana tsalle. Akwai ɗaya a tsakiyar tari da bakinsa ya ɗan ɗaga. Wuƙar yanka kwali tana aljihuna, sito babu kowa, tanda tana da zafi. Na tsaya a gabansa har aka yi ƙarar tashi cin abinci. A majalisa nakan ce an tilasta min, ban san abin da ke ciki ba. Ƙarya ne. Ban buɗe shi ba ne domin na san abin da zan gani, kuma in na gani da idona ba zan iya bugawa ba, in ban buga ba kuma ba zan ga gida ba. Na danne bakin kwalin da tafin hannuna, na buga hatimi, na rubuta harafin sin, farkon sunana, a gefe.

Mako uku ina bugawa. Abin da nake gaya wa zuciyata shi ne Najeriya tana da faɗi, kayan nan Legas za su tsaya, ko can kudu, ba za su iso Daura ba. Kamar mutanen can ba su da iyaye. Akwai kuma abin da ya fi wannan muni: in na rubuta sin ɗin nan, nakan ɗan ja baya in kalle shi. Daɗi nake ji, wai ni ma na zama mai harafi.

Zango na huɗu, hanyar gida

Manaja ya cika alkawarinsa, ya ba ni fasfo. Da na koma Delhi, kafin in nemi komai sai da na hau matakalar telan nan na karɓi takardar Dokta. A filin jirgi aka ga na wuce wa'adi, aka tsare ni kwana tara a wani ɗaki mai taga ɗaya, mu da yawa, kowa da ƙasarsa. Wani mai gadi mai rawani yakan raba shayinsa biyu ya miƙo min rabi ta ƙarfen ƙofa. Da za a sa ni a jirgi wani jami'i ya bincike jakata, ya buɗe kundin Usta, ya shafa guntayen fatar da ke manne, ya tambaya ko laya ce. Na ce littafin malamina ne. Ya mayar min.

A Daura tarba aka yi min kamar na dawo daga Hajji. Alhaji Nuhu ya sa takardar Dokta a gilashi ya rataya a shagonsa. Sunana ya ɓata, kowa Injiniya. Kundin Usta na sa shi ƙarƙashin akwati, don in na buɗe shi sai in ga kamar tsohon yana kallona.

Bayan wata biyar, ranar wata Laraba, motar Kano ta sauke wa Alhaji kaya. Ina ƙarƙashin rumfata ina kwance injin, sai na hango kore. Lawal ne ke taya sauke su. Ya tsaya da kwali a kafaɗa, ya sauke shi, ya ƙura ido.

"Yaya! Zo ka gani. Wannan ba sin ɗinka ba ne? Irin wanda kake yi wa sifanunka don kada a sace?"

Mutane suka taru. Wannan ita ce dama ta biyu da Allah ya ba ni, a gaban kowa, da rana tsaka. Na goge hannu da tsumma na ce, "Hannuna ne."

Aka yi kabbara. Alhaji ya ce, "Kun gani ko? Ɗanmu ne ya gwada su da kansa." Kafin mako biyu 'yan acaɓa daga Mashi, daga Dutsi, har daga ƙetaren iyaka suna zuwa neman birkin Injiniya. Ni kuwa in aka kawo min aiki sai in ɗaura wani iri a ɓoye, in ce duk ɗaya ne. Na ɗauka wannan ya wanke ni.

Wata safiya Lawal ya turo babur ɗinsa. "Yaya, na bayan nan ya cinye. Ɗaura min mai damisa."

Na ce, "Sun ƙare a wajena. Bari zuwa jibi in samo maka wani."

"Jibi? Gobe kasuwa, Yaya. Bare ya samu birkin Injiniya, ƙanin Injiniya yana taka ƙasa da silifa? Hajara ma sai ta yi min dariya."

"Na ce ka bari."

Ya yi dariyarsa ya tura babur ya tafi. Na bi shi da ido har ya tsaya a rumfa ta uku. Na ga an miƙo koren kwali. Tsakanina da shi bai fi taku talatin ba. Na sunkuyar da kai na ci gaba da wanke fulogi, ina cewa a raina ai ba duka ne ke ɓanɓarewa ba.

Kwana goma sha ɗaya ya yi da shi. A hanyar Dutsi, ana tsananin zafi, ya ɗauko buhun gero da mai geron. Wata akuya ta gilma, ya taka birki, tayar baya ta ƙame. Mai geron ya karye a hannu. Lawal babur ya ja shi a kan kwalta, ƙafarsa ta dama kuma ba ta gyaru ba, sai da aka yanke ta daga gwiwa. Da aka kawo min babur ɗin na kwance tayar ni kaɗai. Fatar tana ciki a naɗe, ƙarfen fes, kamar ba a taɓa shafa masa gam ba. Irinta tana shafi na tara a kundin Usta, da fassarata a gefe da fensir.

Babanmu na fara gaya wa. Yana zaune a zaure bayan la'asar, ya tsufa, ya bar kasuwa. Na faɗa masa komai tun daga hawa biyar. Da na gama ya ce, "Kwalin nan na tsakiya. Ka soka?"

"Ban soka ba, Baba."

"Ba ka da abin sokawa ne?"

"Ina da shi."

"To me ya hana ka?"

"Na san abin da ke ciki."

Sannan ya dafa bango ya tashi ya shiga gida. Ƙarfensa na soka buhu yana rataye a zauren har yau, ban iya ɗaga ido in kalle shi.

Lawal kuwa a gadon asibiti na gaya masa. Ya juya fuska bango. Can ya ce, "Yaya, da ka ce min sun ƙare, ka san ba su ƙare ba."

"Na sani."

"Ni ka so ka tsare ke nan. To su waye ka bari su saya?"



Ran Juma'a na tsaya gaban ƙungiya na maimaita. Alhaji Nuhu ya sauke gilashin daga bango, bai sake yi min magana ba, kuma bai yi laifi ba. Muka bi shaguna muka tattara abin da ya rage muka fasa. Amma mafi yawa sun riga sun tafi, wasu ƙauyuka, wasu Nijar, ban da waɗanda suka tsaya a Kano da garuruwan da ban taɓa zuwa ba. Na je wajen malaminmu na tambaye shi yadda mutum zai nemi gafarar waɗanda bai san sunansu ba. Ya ce tuba ga Allah ƙofarta a buɗe take, amma haƙƙin mutane sai mutane, abin da ya rage min shi ne in sanar iyakar inda muryata za ta kai. Shi ya sa na rubuta wannan, na sa shi a gaban kundin Usta Karimu da na juya zuwa Hausa don kanikawa. Ilimin da ke ciki mai kyau ne, nasa ne ba nawa ba. Kada a ƙi shi saboda hannun da ya kawo shi.

Lawal yanzu fetur yake sayarwa a kwalba, a bakin titi, nesa kaɗan da rumfata. Kullum da safe yana gaishe ni, "Ina kwana, Yaya." Bai ce ya yafe ba, bai ce bai yafe ba. Wasan da yake yi min ne dai ya daina.

Makon jiya wani bawan Allah daga ƙetaren iyaka ya tsaya a rumfata, ya zaro birki daga aljihu a cikin 'yar ledarsa mai damisa. Ya ce a wani shagon ƙauyensu ya samu ragowa, mai shagon har ya nuna masa kwalin da harafin a jiki, an ce masa mai harafin yana Daura, shi ya sa ya zo in ɗaura masa da hannuna. Na roƙi mai shayi ya ɗora min shi a kan murhu. Da ya yi zafi na sa babban yatsa na ture, fatar ta faɗo a gaban takalminsa.

Ya dube ta, ya dube ni. Ya ce, "Malam, uku muka saya. Wana ya ɗaura biyu, gaba da baya, ya tafi Damagaram shekaranjiya da matarsa."

Na ce ya kira shi. Ya ce wan nasa ba shi da waya.